Yawon kallon tsuntsaye: mi gid yake yi har ake biyan shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Wannan ruwan da kuke gani tabkin Tabalak ne, kamar kilomita 50 daga Tahoua in ka ɗauki hanyar Agadez, ƙarhe shida da ƴan mintoci na sahe, sanyi kamar ya cire ma mutum kunne. Ku ɗan saurara. Kun ji wannan hito da ake yi sau ukku-ukku? Kirinjijiya ce, agwagwar ruwa mai farar huska. To zancenmu na yau kenan, yawon kallon tsuntsaye tare da ɗan rakiya, wanda muka hi sani da gid, mi yake yi, kuma don mi mutum zai taso tun daga Faransa ko Holan ya biya jirgi ya biya otel ya kuma biya wani don kawai ya nuna mishi tsuntsu.

Ni ma da farko dariya abin ya ba ni wallahi. Tsuntsu dai, wanda muke harbi da danƙo muna yara? Ran da na fara gwadawa ni kaɗai na hito, sai da na karya kumallo na sha shayi hankali kwance na iso bakin ruwa rana tsaka, abin da na gani hankaka biyu da shirwa guda sai balbela na bin shanu. Na koma gida ina cewa ai babu komi nan. Ashe akwai, ni ne ban san lokaci ba.

Aikin gid na farko kenan, sanin lokaci. Tsuntsu da asuba yake hita kiwo sai kuma la'asar sakaliya, tsakiyar rana ya laɓe cikin inuwa kamar kowa. Cikin shekara ma haka, in tsuntsayen ruwa kake so to daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, saboda lokacin ne baƙi suke nan. Baƙi kuwa na gaske, ƙananan agwagi da ƴan tsuntsaye masu dogayen ƙafahu da kuke gani suna caccakar laka, da yawansu Turai da Rasha suke ƙwai, in sanyi ya kama can ruwa ya daskare sai su keto Bahar Rum su keto Sahara, ruwan farko da za su tarar bayan hamada shi ne irin waɗannan tabkunan namu da kogin Isa da tabkin Cadi. Wajen Maris ko Afrilu su juya. Shi ya sa wani lokaci masunci ko maharbi yake samun tsuntsu da zobe a ƙafa da lamba da sunan wata ƙasa, ba asiri ba ne, masu bincike ne suka sa don su gane hanyar da yake bi. Kuma shi ya sa a 2005 aka sa Tabalak da tabkin Dan Doutchi cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971.

Na biyu kunne. Gid na ƙwarai kahin ya ɗaga madubin hangen nesa ya riga ya ji, zai ce maka tsaya, zakaran kekuwa ne can yake tsegumi, ya gan mu, in muka ƙara taku biyar duk tabkin zai tashi. Sai ya kewaya da kai ta inda rana take bayanka don ka ga launi sosai, in ka huskanci rana kowane tsuntsu baƙi ne. Ga zalɓe can tsaye kamar an dasa shi yana jiran kihi, ga ɗinya, ita ce babbar cikin agwagin Afirka duka, kuma tana da ƙaya a hiffike da take faɗa da ita. Gauraka kuwa in kun gan ta ku gode Allah, ta yi ƙaranci ƙwarai, kamu da ɓacin dausayi sun rage ta.

Madubin da ke wuyan gid shi ne jumel. Za ku ga an rubuta 8x42 a jiki, 8 ɗin yana nuhin abu zai matso sau takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne da milimita, iya faɗin shi iya hasken da yake sha. Kar ku ruɗu da masu manyan lambobi na kasuwa, hannu na ɗan rawa hoton duk ya watse.

Mu bar ruwa mu shiga daji. A nan Nijar in ana zancen dajin kallo to Parc W ne, kudu da Yamai wajen kilomita 150, ana shiga ta Tapoa, an kafa shi a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, irin tsuntsayen da aka lissafa ciki sun haura 350. Amma gaskiya ɗaya ce, shekarun nan matsalar tsaro ta hana zuwa can, kar wani ya ce ni na aike shi, kuma gid da yawa da suke ci da wannan sana'a sun rasa aiki.

Kallon daji dabam yake da na tabki. A tabki kai kake zaune tsuntsu ya zo, a daji mota ce a hankali, a tsaya, a kashe inji, a saurara. Can ne ake ganin burtu yana taku ƙasa kamar wani basarake, wanda maharbanmu suke ɗaura kanshi a goshi su yi rarrafe su yaudari nama. Namijin yana da ja a maƙogwaro, macen shuɗi ne nata. Ga carki bisa bayan ɓauna yana cire kaska. Amma wadda ta hi burge ni cilakowa ce, in za ta yi ƙwai sai ta shiga kogon icce a liƙe ƙofar da laka da kashinta a bar ƴar tsaga kawai, mijin ya yi ta kawo abinci yana miƙawa ta nan har ta ƙyanƙyashe. Kulle na gaske kenan. Kai kaɗai sai ka wuce iccen nan sau goma ba ka lura ba, gid ne zai ce duba tsagar can.

Kurmi kuwa ba mu da shi, sai an gangara kudu, irin Kakum a Gana ko Cross River a Najeriya. Can duhu ne da laima, itatuwa sun haɗe sama, tsuntsun yana bisa kanka kana jin shi ba ka ganin shi, har a Kakum sai da suka ɗaura gadar igiya tsakanin itatuwa don mutum ya hau sama ya duba. Aku da ake sawa a keji asalin gidanshi kenan. A kurmi in ba gid, kuɗinka ka zubar.

Abu guda da ba na so, wasu suna kunna kukan tsuntsu a waya don ya hito baƙo ya ɗauki hoto. Shi tsuntsun zato yake wani namiji ya shigo mishi gida, ya bar sheƙa ya zo faɗa, in aka yi ta yi kullum a wuri ɗaya ai an cuce shi. Haka mai jihwa da dutse don garke ya tashi a samu hoto mai kyau. Wanda kuma duk abin da ka tambaya yana da suna a baki, bai taɓa tsayawa ya buɗe littahi ya duba ba, ka yi hattara da lissahin shi.

In za ku gwada, kaya masu duhu, hula, bidon na ruwa, ɗan kaye da bik, ku yi ciniki da gid tun kahin a tashi, ku gaida masunta da masu garka don wurinsu ne kuka shigo. Ku rubuta rana da wuri da abin da kuka gani da adadi, haka masu ƙidayar tsuntsayen ruwa suke yi kowane Janairu a duniya tun 1967. Ko ba ku da jumel ma akwai shamuwa, ita ba ta zuwa Turai, kudancin Afirka take tahiya cin rani ta dawo mana gab da damina ta yi sheƙa tsakiyar gari tana cin fara. Bana ranar da kuka fara ganinta bisa iccen unguwarku ku rubuta kwanan wata, ku rubuta na ruwan farko a gehe, baɗi ku sake. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.