Me Ya Sa Manomin Koko Yake Jinkirin Sabunta Gonarsa?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sauraro, bishiyar koko idan ta haura shekara 30 'ya'yanta sukan ragu, kuma hanyoyin farfaɗo da gona sanannu ne: ko a sare tsofaffin bishiyoyi a dasa ingantaccen iri, ko a datse kututture ya sake toho, ko a yi wa bishiyar aure da reshen wata mai albarka. Abin tambaya shi ne, me ya sa manomi yakan ji bayanin malamin gona, ya gamsu, amma ya ƙi ɗaukar gatari?

Mu ɗauki ƙasar Ghana. Tun 1936 aka gano cutar kumburin reshe a yankin gabashin ƙasar, wadda wasu ƙananan ƙwari masu farin gari a jiki suke yaɗawa, kuma har yau ba ta da magani sai sara. Da Turawan mulkin mallaka suka tilasta sare bishiyoyi a shekarun 1940, manoma sun yi turjiya mai tsanani, domin bishiyar da jami'i yake kira marar lafiya tana nan da 'yan ƙwallayenta rataye a jikin kututture, kuma da su ake biyan kuɗin makarantar yara.

Wannan shi ne dalili na farko, kuma a ganina ya fi sauran nauyi. Sabon dashe yakan ɗauki kimanin shekara 3 kafin ya fara haihuwa, ya ƙara wasu shekaru kafin ya cika buhu. Me iyali za su ci a tsakani? Shi ya sa hukumar kula da koko ta Ghana, COCOBOD, a shirin da Bankin Raya Afirka ya tallafa, ta riƙa biyan diyya tare da dasa agade don ya yi wa dashen inuwa, ya kuma ciyar da gida. Inda diyyar ta makara, labari yakan riga malamin gona isa ƙauye na gaba.

Na biyu shi ne mallakar ƙasa, wanda masu tsara shiri suka daɗe suna yi wa riƙon sakainar kashi. Manoma da yawa baƙi ne, ciki har da 'yan arewacin Ghana, suna noma bisa tsarin abunu, wato a raba gonar ko amfaninta biyu da mai ƙasa, ko abusa, a raba uku. A wurare da dama haƙƙin baƙo yana tsaye ne muddin bishiyoyinsa suna tsaye. Ranar da ya sare su, mai ƙasa yana iya neman sabon ciniki ko ya karɓe abinsa. Wa zai sare shaidarsa da hannunsa?

Shekaru ma suna da tasiri, domin dattijon da 'ya'yansa suka tafi Kumasi ba shi da masu taya shi nome ciyawa a sabuwar gona, ga kuma leburori sun yi tsada tun da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey, ta janye matasa, har masu haƙar sukan zo da kuɗi a hannu su taya gonar kanta.