Yatsu Biyu da Suka Haɗa Jaz da Kiɗan Ƙarfe

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Shugaban zama ya ba ni minti ashirin, ni kuma abu uku na zo da su, sai mu ga yadda za ta kaya.

Na farko, kiɗan nan da ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Wanda bai saba ba in ya ji, cewa zai yi faɗa ake a maƙera. Jaz kuwa kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, ƙaho da ganga, kowa na ƙago nasa ana cikin tafiya. Sai ka ce me ya haɗa kifi da kaska? To, yatsu ne suka haɗa su.

A Birmingham ta Ingila akwai wani yaro, Tony Iommi, ɗan shekara 17, yana aiki a masana'antar ƙarfe. Ranar da zai bar aikin ya kama kiɗa gadan-gadan, a ranar fa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Ga shi bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiyar jita. Shi ke nan, ya zauna a gida ya haƙura. Sai shugabansa na wurin aiki ya zo dubiya da faifai, ya ce saurara. Da ya saurara aka ce masa mai kiɗan nan Django Reinhardt ne, gwanin jaz na Faransa, wanda gobara ta lalata masa hannun hagu a 1928, kusan da yatsu biyu yake wannan gudun a kan jita.

Ku ga abin da yaron ya yi. Ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narka, ya yi wa guntayen yatsun hula, ya manna fata a kai don kada su zame. Kamar dai mai gyaran takalmi a bakin kasuwa! Tsirkiya mai kauri na yi masa zafi, sai ya koma wa siririya. Daga baya, a faifai na uku na ƙungiyarsu, Black Sabbath, a 1971, ya sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, sauti ya yi ƙasa, ya yi duhu, ya yi nauyi. Wannan nauyin da matasa ke kaɗa kai a kansa, wani ɓangarensa daga ciwon yatsa ya fito. Ni wannan labarin ba ya isa ta. Matata ta ce ta ji shi ya fi sau hamsin. Daga ciwon yatsa fa!

Mai gangarsu kuma, Bill Ward, da sauraren Gene Krupa da Buddy Rich ya tashi, masu gangar jaz. Ku kasa kunne a faifansu na farko na 1970, gangar rangaji take yi, ba dukan sakwara ba.

Na biyu... ko na uku ne? Ana nuna mini agogo. A gurguje: ƙungiyar hebi metal ta Megadeth ta yi faifanta na farko da makaɗa biyu da suka fito daga jaz, Gar Samuelson da Chris Poland. A Florida ta Amurka, ƙungiyoyin Atheist a 1991 da Cynic a 1993 sun cusa jaz cikin kiɗan da ya fi kowanne tsauri. Ku nema ku ji.

Sai batun suna. Makaɗi ba kasafai yake raɗa wa kiɗansa suna ba, ɗan jarida da mai shagon faifai ne ke neman inda za su ajiye kaya. Lemmy, mawaƙin ƙungiyar Motörhead, har ya mutu cewa yake rok an rol suke yi, ba hebi metal ba. A 1989 aka ba ƙungiyar Jethro Tull, masu busa sarewa, babbar kyautar kiɗa ta Grammy a fannin hebi metal, aka bar Metallica, gwanayen fannin, da hamma. Abin dariyar, Iommi kansa ya taɓa ɗan zama cikin Jethro Tull a 1968.

Na'am, 'yata, ga hannu can. Ɗaga murya.

Tana tambaya, Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar fa, a wane layi za a sa shi? Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Turawa sun ce wa kiɗansa bulus ɗin sahara, bulus wani tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, kafin nan komai namu a kwando ɗaya suke zubawa, wai kiɗan duniya, sunan da 'yan kasuwar faifai suka tsayar a Landan a 1987. Amma wanda ya ji yadda jitarsa ke kururuwa ya san ta fi kusa da ta su Van Halen, makaɗan rok mai nauyi na Amurka. Kuma kin san wani abu? Shi ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ranka ya daɗe, na gani, na gani. Abu na ukun sai wani jiƙon.