Me Ya Sa John McCain Ya Ƙi Fita Daga Kurkukun Hanoi?

Wannan da kuke gani yana dogara sanduna yana gaisawa da Shugaba Nixon na Amurka, John McCain ne, a 1973, bayan ya fito daga kurkukun fursunonin yaƙi a Biyetnam. Duk sanda hoton ya zagayo, sai an samu mai cewa, "Ai ɗan manya ne, ubansa ne ya fito da shi." Ɗan manya kam, ba musu. Batun fitowar ne aka juya.

Gidan soja ne gaba da baya. Kakansa admiral ne, wato babban hafsan sojan ruwa, yana kan jirgin ruwan Missouri ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945, bayan kwana huɗu ya rasu. Uban ma admiral, mai tauraro huɗu. Jikan kuwa ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1958, ya zo na 894 cikin 899. E, daga ƙasa za ku fara neman sunansa.

[Jirgin yaƙi yana tashi]

Ranar 26 ga Oktoba 1967 aka kakkaɓo jirginsa a saman Hanoi, babban birnin Biyetnam ta Arewa, wadda Amurka ke yaƙi da ita a lokacin. Kada mu manta abin da ya kai shi: tashar wutar lantarkin garin ya je yi wa ruwan bom, don haka waɗanda suka tsamo shi daga tafkin Truc Bach ba da fara'a suka tarbe shi ba. Hannu biyu a karye, ƙafa ɗaya a karye. Ba a kai shi asibiti ba sai da aka gano ko ɗan wane ne. Nan kam sunan uba ya yi rana.

To ku natsu a nan. A tsakiyar 1968 aka naɗa uban kwamandan dukkan dakarun Amurka a yankin Fasifik, har da masu yaƙi a Biyetnam. Sai masu tsaronsa suka ce ga hanya, ya koma gida. Ya ce a'a.

Ba taurin kai kawai ba ne. Tun 1955, bayan yaƙin Koriya, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a ƙa'idar da ta hana sojan da aka kama karɓar wata alfarma daga abokan gaba. Fursunonin Hanoi suka ɗora nasu tsarin a kai: marasa lafiya a gaba, sannan wanda aka fara kamawa shi zai fara fita. Akwai matuƙi Everett Alvarez, yana tsare tun Agusta 1964. Ta yaya na 1967 zai tsallake shi?

Su ma masu tayin ba don tausayi suka yi ba. Da ya karɓa, washegari za a shiga ɗaki-ɗaki a ce wa sauran, "Ɗan admiral ya tafi, ku da ba ku da kowa sai ku zauna." A ganina, abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne yana da mafita: jikinsa ya lalace, da ya ce yana layin marasa lafiya, da wuya a zarge shi.

[Hoton ɗakin kurkuku]

Daga Agusta 1968 aka shiga dukansa ba ƙaƙƙautawa, har ya sa hannu a takardar amsa laifi, abin da ya daɗe yana damunsa. Kusan shekara biyu ya yi shi kaɗai a ɗaki. Sai 14 ga Maris 1973 ya fito, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Faris, a kan layinsa. Har ya mutu bai iya ɗaga hannunsa sama da kansa ba.

Saura a gurguje. Ya yi ritaya a 1981 da muƙamin kyaftin na ruwa, bai kai admiral ba. Ya zama sanatan Arizona, Obama ya kayar da shi a zaɓen shugaban ƙasa na 2008, ya rasu a 2018. 'Ya'yansa ma sun sa kaki, ɗaya matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ɗaya ya yi aiki a Iraƙi. Jirgin ruwan da ke wucewa yanzu, John S. McCain, don kakan da uban aka raɗa masa suna, sai a 2018 aka haɗa da jikan.