Makaranta da masana'anta a ƙasar noman rani: laccar da aka gabatar a Kura

Ranka ya daɗe Hakimi, shugabannin makarantu, malamai, masu injinan casar shinkafa da suka baro aikinsu suka zo, iyaye da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana a kan haɗin gwiwar makarantu da masana'antu wajen koyar da kimiyya da fasaha. Da zarar an ambaci masana'anta, hankalin yawancinmu Sharaɗa ko Bompai ko Challawa yake tafiya, sai shugaban makarantar ƙauye ya ce maganar ba ta shafe shi ba, tunda ba shi da motar kwasar yara zuwa birni. A ganina masana'antar da yaranmu suka fi buƙata tana nan bayan katangar makaranta.

Tun 1971 gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, kuma a 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban manyan makarantu wuraren aiki na wasu watanni. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyin da muke alfahari da su. Amma manya a cikinmu sun tuna kayan koyon sana'a da aka raba wa ƙananan sakandare a zamanin tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), waɗanda da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatuna saboda rashin wutar lantarki da rashin malamin da ya iya sarrafa su. Shi ma SIWES, idan babu mai bibiya, yakan koma neman sa hannu da hatimi a littafi kawai.

Mu dubi shinkafa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma a kan wannan ruwa ne sana'ar gumi da casa ta kafu a garin nan. Kowane mai inji ya san cewa shinkafar da aka shanya ta wuce kima a zafin rana takan kakkarye a inji, wadda kuma ba ta gama bushewa ba takan lalace a buhu. Yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi ya gartsa da haƙori, ya ce a ƙara mata rana ko a kwashe. Masana sun ce danshin da ya dace da casa shi ne kusan kashi 14 cikin 100, kuma ɗalibin aji biyar zai iya gano wannan da ma'auni mai kyau: ya auna nauyin shinkafar, ya busar da ita sarai, ya sake aunawa, ya yi lissafi. Idan aji guda ya yi wannan aiki tsawon kaka, yana rubuta yawan karyayyar shinkafa da ke fita daga kowace shanya, to yara sun koyi lissafi da kimiyyar zafi da danshi a aikace, mai inji kuma ya sami abin da zai rage masa asara. Ga buntun da ake tarawa tsibi-tsibi ana cinna masa wuta, alhali ana iya curawa a yi makamashin girki da shi.

Haka batun injin ban ruwa. Bakaniken bakin kasuwa yana jin ƙarar inji ya gane ciwonsa, sai dai da wuya ya bayyana dalilin da ya sa injin ba ya iya zuƙo ruwa idan rijiya ta zarce wani zurfi. Malamin kimiyya ya san dalilin, wato nauyin iska ne ke tura ruwan cikin mesa kuma ƙarfinsa yana da iyaka, amma wataƙila bai taɓa kwance fulogi ba. Kowannensu na riƙe da rabin darasi.

Jamus ta yi suna da tsarin da mai koyon sana'a ke yin kwana uku ko huɗu a wurin aiki, sauran ranakun a aji. Ba mu da halin kwaikwayonsa dungurungum, amma yammacin rana guda a mako bai fi ƙarfinmu ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole a rubuta yarjejeniya a gaban dagaci da ƙungiyar iyaye da malamai, domin kada yaro ya zama ɗan aike ko ɗan dako. Bel ɗin inji ba ya wasa da babbar riga ko gyale, saboda haka darasin farko shi ne na kare kai. Kada kuma a manta da 'yan mata, domin gumi a hannun iyayensu mata yake, kuma a cikin gida za a iya yin gwajin. Ina kuma ba da shawara shugabannin makarantu su rubuta wa jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, su nemi a turo masu ɗaliban SIWES su jagoranci waɗannan gwaje-gwaje daga zangon karatu mai zuwa.

Na gode. Yanzu sai tambayoyi.