Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu Kan Binciken Sankarar Baki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa, barka da zuwa, sannu da hanya, mun gode ƙwarai da ka ware mana lokaci duk da yawan hidimomin da ke gabanka. Malamai, likitocin haƙori, ma'aikatan lab da ɗalibai, kowa sannunku da zuwa.

Toh ranka ya daɗe, abin da ke damunmu ka fi mu saninsa, sankarar baki ce, a 2020 kaɗai an samu sabbin masu cutar sama da dubu 370 a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari daga fatar da ta lulluɓe cikin baki take tasowa. Taba, giya, tauna ƙwallon areka (wani ƙwallo da ake taunawa kamar goro, musamman a ƙasashen Asiya), duk suna jawo ta. Amma babban ciwon shi ne mutane ba sa zuwa sai abu ya yi nisa, farin tabo ne ko gyambon da ya ƙi warkewa sati biyu uku sai a ce zai wuce.

Shi ya sa muke ɗokin jin bakinka kan furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna, musamman E-cadherin, wanda aikinsa kamar siminti ne tsakanin bulo, kuma sai da kalsiyam yake riƙewa, abin da Masatoshi Takeichi na Japan ya fara ganowa kenan. Idan E-cadherin ya ragu a jikin ƙwayar, beta-catenin, furotin ɗin da ke tallafa masa daga cikin ƙwayar, ya bar wurinsa, N-cadherin, wani ɗan'uwansa da ke sauƙaƙa wa ƙwayoyi motsi, ya ƙaru, to ƙwayoyin sai su saki juna su fara kutsawa ciki har su kai kaluluwar wuya, kuma ana iya ganin hakan in an rina ɗan naman da aka yanko aka duba a maikiroskof. Ga wasu furotin masu manne ƙwayoyi, su CD44 da desmoglein 3, su ma ana ta nazarinsu.

Ni dai a ganina, duba waɗannan furotin ba zai maye gurbin dubawar da aka saba yi wa naman da aka yanko ba, taimako ne, amma taimako mai girma wallahi, in har zai nuna wane farin tabo ne zai rikiɗe ya zama sankara. Inda muke neman shawararka shi ne karatun rinin, don wani lab ya ce E-cadherin ya ragu wani ya ce bai ragu ba, kuma ɗalibanmu na da tambayoyi da yawa a kai.

Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah Farfesa, ga lasifika.