Tsohuwar da ta buga min ƙofa a Atlanta

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga ni a cikin mota, na faka a wani gidan mai a Decatur, gefen Atlanta. Ku yi haƙuri da raɓar da ke jikin gilashi, sanyi ya fara kankama. Yau Laraba, 5 ga Nuwamba 2025. Ban yi niyyar kunna kyamara yau ba, amma tun da na idar da sallar asuba na duba waya nake ta murmushi ni kaɗai, har maiɗakina ta ce ko kyautar kujerar Makka aka yi min. Na ce a'a, Mama ce ta ci zaɓe. Ta ce wace Mamar kuma?

To bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Wata Asabar ce a farkon Oktoba. Na kwana ina jigilar fasinja, ban kwanta ba sai bayan asuba. Wajen ƙarfe goma sai ga bugun ƙofa. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba a zuwa gidan mutum haka kawai, sai an yi waya. Ga shi kuma bana, da yadda jami'an shige da fice ke kamen mutane, ko takardunka sun cika kana jin bugun ƙofa sai gabanka ya faɗi. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Wata tsohuwa ce baƙar fata, ta haura saba'in, da sandarta, da takalmin kambas, ta rungume wani ɗan allo da takardu a maƙale. Ta kira sunana ta karya shi gida uku, amma dai na gane ni take nufi.

Ba ta ce min ga jam'iyyar da za ka zaɓa ba. Cewa ta yi, nawa ka biya kuɗin wuta a watan Agusta? Na ce dala 280, Mama, ko kin zo ki biya min ne? Ta yi dariya har ta dafa bango. Sai ta ce akwai wata hukuma ta mutum biyar a jihar Jojiya, ita ke amince wa kamfani ya ƙara kuɗin wuta ko kada ya ƙara, kuma mutum biyar ɗin nan zaɓarsu ake yi da ƙuri'a. Kujeru biyu za a yi zaɓensu ranar 4 ga Nuwamba.

Jama'a, shekarata goma sha ɗaya a jihar nan. Na karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 2022, na biya dala 725, na haddace tambayoyi ɗari kamar ɗan makarantar allo, aka yi min guda shida a jere na amsa duk, jami'ar ta ce ya isa. Ina taƙama da wannan har gobe. Amma wallahi ban taɓa sanin da hukumar nan ba. Ni dai in takardar wuta ta zo, in yi tsaki in biya.

Sai na yi mata tambayar da kowane Bakano zai yi. Na ce Mama, nawa suke ba ki a wuni? Ta kalle ni ta saman tabarau. Ko sisi. Man motarta ma ita ke sha da kuɗin fanshonta. Na ce to ko ɗan abin hasafi, riga, hula? Ta ce akwai dai biskit a ofis.

Nan fa na tuna gida. Mu da muka taso, in an ce kamfe, to taliya ce da sabulu da turmin atamfa, da 'yan jagaliya a bayan a-kori-kura, da sojojin baka a rediyo da daddare. Ba na raina mu ba, don mu ma mun san “a kasa, a tsare, a raka”, na ga mata sun kwana a bakin akwati ba wanda ya ba su ko ruwan leda. Amma tsohuwa ta ɗauki sanda tana bin gida-gida saboda kujerar da ko sunanta mutane ba su sani ba? Wannan ban taɓa gani ba.

Na sa mata kujera, aka kawo mata shayi mai citta da kanumfari, ta sha tana hawaye tana cewa a ƙaro. A nan ta ba ni labari. 'Yar Alabama ce. Tana yarinya lokacin da 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a kan gadar Selma, ranar 7 ga Maris 1965, ranar da aka fasa wa John Lewis kai. Shi ne wanda daga baya ya wakilci Atlanta a majalisar tarayya fiye da shekara talatin, ya rasu a 2020, in kun bi ta titin Auburn za ku ga ƙaton hotonsa a jikin bene. Ta ce mahaifiyarta ta sha zuwa yin rajista ana koro ta da jarrabawar ƙeta, sai da aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe a watan Agustan shekarar sannan ta samu ta dangwala. Ta ce, “To ni ina zan kai kunyar in zauna a gida?” Na rasa ta cewa, na ƙara mata shayi.

Asabar ɗin da ta biyo, 18 ga Oktoba, ita ta ja ni zanga-zangar da suka kira “Babu Sarakuna”, ta masu adawa da yadda Trump ke tafiyar da mulki. An yi ta farko tun 14 ga Yuni, ranar faretin soja a Washintan, wadda ta zo daidai da ranar haihuwarsa. Na bar mota na hau jirgin ƙasa, dala biyu da rabi, don fakin a tsakiyar gari sai ya ci maka ashirin. Sunan ma dariya ya ba ni. Na ce mata Mama, ni fa daga garin da ake cewa ran sarki ya daɗe na fito, mu yanzu ma biyu gare mu, kowa da fadarsa. Ba ta gane ba, ban kuma tsaya bayani ba.

Abin da na gani: tsofaffin sojoji da hulunansu, malaman makaranta, mata da jarirai a keken turawa, da wasu ƙarti sun shiga rigar kwaɗo irin wadda ake hura wa iska suna ta rawa. Aka taka har gaban majalisar jiha mai ƙubbar zinare. Masu shiryawa sun ce mutum kusan miliyan bakwai suka fito a faɗin ƙasa, su dai suka faɗa. Ni abin da ya tsaya min a rai, 'yan sanda na tsaye a gefe suna tare hanya, ban ji ko ƙamshin barkonon tsohuwa ba. Sai na tuna yaranmu da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, waɗanda suka riƙa faɗuwa a kotu a Abuja don galabaita. Na yi shiru na ɗan lokaci, Mama ta zaci ƙafata ce ke ciwo.

Kada ku ce na ce nan aljanna ce. A jihar nan aka yi abin da har yau in na tuna nake girgiza kai. Zaɓen 2020, Biden ya ci Jojiya da ratar ƙuri'a 11,779 cikin kusan miliyan biyar. Sau uku aka ƙirga, ɗaya da hannu. Ranar 2 ga Janairu 2021 Trump ya buga wa sakataren jiha, Brad Raffensperger, waya, ya ce a nemo masa 11,780. Mutumin nan ɗan jam'iyyarsa ne fa, ɗan Rifablikan, ya ce lissafin ba haka yake ba, ya ƙi. Kwana huɗu bayan nan aka afka wa majalisa a Washintan. Akwai wani abokin aikina, Trump yake yi ba ɓoyo, muna cin abinci tare, muna musu har murya ta dushe. Ko shi in an zo kan wayar nan sai ya sauya zance.

Yanzu ku saurare ni da kyau, ku 'yan'uwa da ke nan, don ba na son in ji mummunan labari. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, kada ka kuskura ka yi rajistar zaɓe, ko da katin zama na dindindin gare ka. Wajen karɓar lasin tuƙi za a iya tambayarka, kai kuma don kunya ko rashin jin Turancinsu mai sauri ka ce eh. Wannan eh ɗin tana iya mayar da kai gida da jaka ɗaya. Zanga-zanga ma, in biza ce ta karatu ko takardunka na hannun hukuma, ni dai shawarata ka yi zamanka. Kun ga yadda aka ɗauke Mahmoud Khalil, ɗan zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu na jami'ar Kolombiya, a watan Maris, da katinsa na dindindin a aljihu, ya yi wata uku a tsare. Sannan mu da halinmu na tausayi: a Jojiya tun 2021 doka ta hana ka miƙa wa mai bin layin zaɓe ruwa ko abinci a kusa da rumfa, cikin ƙafa 150. Jiya saura ƙiris in miƙa wa wani dattijo gorar ruwa, Mama ta buge min hannu da sandarta.

Eh, jiya ban yi aiki ba. Na yi asarar kamar dala 200, na yi ta kwasar tsofaffin unguwarsu zuwa rumfa ina mayar da su, sahu bakwai. Ga ma 'yar takardar da ake manna wa wanda ya yi zaɓe, kun gan ta a ƙirjina, mai hoton ɗan itacen nan da jihar ke taƙama da shi. Kujerun nan biyu na hukumar kuɗin wuta kuwa duk 'yan Dimokurat suka ɗauke, Alicia Johnson da Peter Hubbard, da rata mai yawa. Rabon da jam'iyyar ta ci kujerar jiha irin wannan, wadda ba ta tarayya ba, tun 2006. Ko kuɗin wuta zai sauka, Allah masani, su biyu ne cikin biyar.

Abin da ya ɓata min rai ɗaya ne. Mutanenmu shida na kira, duk masu fasfo ɗin Amurka. Ɗaya ne ya fito. Sauran, wannan yana wurin aiki, wancan ya ce ai duk kanwar ja ce. Kuma su ne in aka zauna a majalisa bayan Juma'a za su yi awa uku suna rarraba kujerun 2027 na Najeriya, har da wanda zai yi wa wane mataimaki. Alhaji, kai da nake nufi ka san kanka, na ga motarka a ƙofar gida wuni guda.

Ga ta ma tana kira. Tun jiya take cewa akwai zaman hukumar makarantu gobe Alhamis da yamma, wai za a yi maganar motocin ɗaukar yara, kuma lallai in zo mata da shayin nan a fulas. Bari in ɗauka kafin ta yi fushi. Sai anjima.