Lacca: Riƙe mai ɗauke da cutar HIV a kan magani

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ma'aikatan lafiya, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan kula da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Dattawan da ke zauren nan sun san yadda abin yake a da. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Najeriya, kuma an daɗe duk wanda aka ce yana da ita gida ake mayar da shi, a jira ta Allah. Sai a 2002 gwamnatin tarayya ta soma shirin ba da magani, a 2003 Amurka ta ƙaddamar da PEPFAR, shirinta na tallafa wa yaƙi da cutar, daga 2006 kuma maganin ya zama kyauta. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita, kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. A Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Ku tuna yawan jama'ar Kano da Kaduna da Katsina, kuma inda masu cutar ba su da yawa, nan aka fi ɓoye ta.

Maganin yau ƙwaya ɗaya ce a rana, ana ce mata TLD, haɗin magani uku. Tun 2016 ba a jira sai mutum ya kwanta. Ranar da aka gano, ana iya fara ba shi. Wanda ya riƙe shi da gaske, cikin wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ƙirga ta. In awon yawan ƙwayar cutar a jini ya sauka ƙasa da 200 ya zauna a nan, mutum ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciyar aure. An bi dubban ma'aurata shekaru ana dubawa kafin a faɗi haka. Ina roƙon kowane ma'aikaci ya riƙa gaya wa marar lafiya wannan tun ranar farko, domin mutum ya fi riƙe magani in ya san aurensa da haihuwarsa na nan.

To me ya sa har yanzu muke binne mutane? Wasu ba sa zuwa sai cuta ta ci jiki. Wasu kuma sun fara, sai mu neme su mu rasa. A kan waɗannan na biyun zan fi tsayawa, don hannunmu na ciki.

Ku ɗauki mace mai ciki da ta zo awo. An gwada ta, an gaya mata. Ta fita da robar magani a jaka, ba ta san bakin da za ta gaya wa maigida da shi ba. Tana shiga ɗaki ta ɓare takardar jikin robar, ko ta juye ƙwayoyin a leda ta cusa cikin kwanukan jere, don robar tana ƙara in an girgiza, ga kishiya, ga yara masu bincike. Ranar girkinta maigida na ɗaki, sai ta tsallake. Ranar karɓar magani ba za ta je asibitin unguwarsu ba, don kowa ya san ƙofar da ake shiga da ranar da ake zuwa. Sai ta hau mota zuwa wata ƙaramar hukuma. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota wa zai ba ta, kuma me za ta ce ta je yi? Wata biyu, wata uku, shi ke nan, kati ya kwanta.

Nan zan yi magana da maza, ku yi haƙuri. Matar da aka fara ganowa a gida, an gano ta ne don ita ce ta je awo. Wannan bai nuna ita ta kawo ba. Mutum kan yi shekara bakwai, takwas, goma da ƙwayar nan yana noma yana kasuwa ba alamar komai. Ana samunta ta ƙarin jini, ta allura ko askar da ba a tsabtace ba, ta tsohon aure. In ka sake ta, ba ka fitar da cuta daga gidanka ba. Abin yi shi ne kai da sauran matan da yara duk a gwada ku.

Mu ma'aikata kuma, ranar da wannan baiwar Allah ta yi ƙarfin halin dawowa, da me muke tarbarta? “Ina kika shige? Ke kika sani, ranki ne.” A gaban layi. Wallahi wadda aka yi wa haka ba za ta sake dawowa ba sai an ɗauko ta ranga-ranga. Ku ce mata sannu da zuwa, ku ja ta gefe, ku tambayi abin da ya hana ta. In kuɗin mota ne, wanda awonsa ya yi kyau ana iya ba shi maganin wata uku, har shida. In tsoron maigida ne, a kira su tare, a gwada su tare, ma'aikaci ya yi bayanin. A haɗa ta da wata uwa da ta bi wannan hanyar ta haifi 'ya'yanta lafiya. Ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da cutar tana da irin waɗannan mutane, kuma maganarsu ta fi tamu shiga.

Malamai, ga abu biyu da muke nema a wurinku. Azumi ba ya hana shan wannan magani, tunda sau ɗaya ne. A mayar da shi bayan buɗa baki ko lokacin sahur. Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Mutum ya sha magani shekara biyu, aka auna aka ce ba a ga ƙwayar ba, yana kuma shan wani jiƙo ko ana yi masa addu'a, sai ya ɗauka ya warke ya ajiye. Ƙwayar tana nan a laɓe, cikin makonni take tasowa. A yi addu'a, a ci gaba da magani, kuma daga bakinku ya kamata a ji haka.

Wanda ya zo a makare, a auna ƙwayoyin garkuwarsa. In sun gaza 200, a binciki tarin fuka nan take, shi ne ya fi kashe masu wannan cuta, a duba wani nau'in sanƙarau mai fara da ciwon kai da ba ya sauka, a ba shi Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka. In an ɗora shi kan maganin tibi, wato tarin fuka, rifampicin da ke cikinsa yana rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga magani ukun da ke cikin TLD, dole a ƙara masa ƙwayar dolutegravir ta biyu. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki ma yana rage ƙarfin dolutegravir in an haɗa su ciki babu abinci. Mata kuma a duba musu bakin mahaifa, don haɗarin sankara a wurinsu ya ninka na sauran mata kusan sau shida.

Batun jarirai: in ba a yi komai ba, 15 zuwa 45 cikin ɗari na 'ya'yan uwa mai cutar za su kamu, in tana kan magani, ya sauka ƙasa da 5. Yawancin matanmu a gida suke haihuwa, don haka ungozoma abokiyar aikinmu ce. Ta san a kawo jariri a fara masa maganin ɗiga tun kwanakin farko, a gwada shi a sati shida, a bar shi da nono zalla wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu.

Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma abu ne mai kyau. Sai dai akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana tsangwama da tona asirin mai cutar. Sakamako na mai shi ne. Kada ya riƙa yawo daga hannun waliyyi zuwa bakin unguwa, in ba haka ba mutane za su koma sayen takardar bogi.

A Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, mun ga yadda aka tsayar da aikin masu bin marasa lafiya gida-gida da masu ɗaukar jini zuwa ɗakin gwaji. Su ne masu dawo mana da waɗanda suka ɓace. Wakilan gwamnati da ke nan, albashin waɗannan ma'aikata ya kamata ya shiga kasafin kuɗin jiha. Shugaban taro, a nan zan dakata a karɓi tambayoyi.